Rodin Gadar Rafin Kanya

Ranar Asabar da hantsi aka yaye tamfol ɗin da ke lulluɓe da rodin gada, sai aka tarar babu komai a ƙarƙashinsa sai katakai huɗu da aka jera don su ɗaga shi. Rodi ne da aka riga aka yanka, aka lanƙwasa, aka ɗaure dami-dami, ana jiran Talata a shimfiɗa shi a zuba kankaren saman gada. Kan ka ce me, labari ya haura rafi ya shiga garin Kanya, ya zarce har Gammo.

Shekara da shekaru mutanen Kanya ke roƙon wannan gada. Idan damina ta kankama rafin ya kawo, mai naƙuda sai dai a ɗauke ta a kan ƙyaure a ratsa ruwa da ita, hatsi kuma ya zauna a rumbu har kasuwa ta wuce. Yanzu ga gada ta miƙe a kan ƙafafunta, saura rufi kawai, ga kuma yayyafin farko ya sauka jiya Juma'a da safe. Shi ya sa babu wanda ya zauna a gida. Maza da mata suka cika wurin aikin, kowa da wanda yake zargi. Wasu suka ce 'yan gwangwan ne daga Gwarzo. Wasu suka ce an ga sawun amalanke. Mafi yawa dai idonsu na kan Baƙo maigadi, wanda ya tsuguna a gindin marke ya haɗa kai da gwiwa.

Sai da rana ta ɗaga sannan aka tuna da Malam Hammadu.

Malam Hammadu dattijo ne siriri, ya doshi saba'in. Iyayensa makiyaya ne, a bayan shanu ya tashi, a nan ya koyi karanta ƙasa. Yanzu noma yake yi, amma daga Kabo har Madadi, in saniya ta ɓace ko aka haura katanga, ƙofarsa ake bugawa. Ya iso da sandarsa a kafaɗa, ya tsaya daga bakin fili yana kallon ƙafafun mutane fiye da ɗari suna ta tattake wurin.

“Sannunku da aiki,” ya ce. “Ɓarawon nan ya kamata ya zo ya yi muku godiya gida-gida.”

Wata budurwa ta fito daga cikin taron, hular kwano a kan hijabinta, ta rusuna ta gaishe shi. Kamila ce, autarsa, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ya kiranta sai da Uwata. Ta yi karatun safiyo, wato awon ƙasa, a Kano, kamfanin da ke gina gadar ya ɗauke ta aiki. Ita ce mai tayar da ɗan jirgin nan mara matuƙi, wanda faɗinsa bai wuce faifai ba, yana shawagi yana ɗaukar hoton aikin daga sama, ita kuma ta auna abin da aka gina da abin da ya rage ta aika wa manyanta. Malam Hammadu zirnaƙo yake ce masa, saboda kukansa.

“Baba, Injiniya ya ce in ba a ga rodin nan ba zuwa Litinin, sai an yi wata guda kafin a kawo wani a yanka. Kafin nan rafi ya kawo. Za su kwashe kaya su tafi sai bayan damina.”

“Baƙo fa?”

“Foman Hambali ya ce a miƙa shi ga 'yan sanda a Kabo yanzu. Dagaci ne ya roƙa a bar shi a zaurensa zuwa Litinin da safe.”

Foman Hambali, shugaban leburori, mutum ne kakkaura mai fara'a, wanda kowa ke jin daɗin aiki da shi. Ya zo ya gaida Malam Hammadu hannu biyu, ya ce shi ma ba da son ransa ba ne, amma kayan mutane ne, kuma maigadi ɗaya ne. Yana cikin magana ya hango wasu leburori sun doshi tulin yashi da shebur, ya daka musu tsawa su bar wannan, taɓo ya gauraya da shi, bai dace da kankare ba, su ɗebi na can bakin hanya.

Malam Hammadu ya zagaya filin sau biyu a sunkuye. Bai samu komai ba sai sawun taron. Can daga gefen yamma, inda mutane ba su kai ba, ya ga layi biyu na tayar amalanke da kofaton bijimai. Ya daɗe a tsugune a kansu, sannan ya miƙe ya nufi gidan dagaci.

*

Da Baƙo da Hammadu tare aka yi musu kaciya. Shekara sittin suna cin tuwo a kwano ɗaya, suna faɗa a kan wanda ya fi wani tsufa. Yau kuwa Baƙo ko ɗaga kai bai yi ba.

“Mutumina, ina ka je jiya?”

“Masallaci, Gammo. Kamar kowa.”

“Ka dawo yaushe?”

“Da aka idar.”

“A wane sahu ka tsaya? Ni dai ban gan ka ba, kuma shekara nawa ba ka taɓa barin gefena na dama ba.”

Baƙo ya shiga murza bakin rigarsa.

“Hammadu, ka san ni. Ko allura ban taɓa ɗauka ba.”

“Na sani. Ba wannan na tambaye ka ba. Da daddare fa?”

“A kan tabarmata na kwana, kusa da tamfol. Ko kare bai wuce ba.”

Wannan kam Malam Hammadu ya yarda da shi, don Baƙo barcinsa kamar na kaza ne. Ke nan da rana aka yi abin, ranar Juma'a, ranar da kamfani ba ya aiki, lokacin da duk mazan gari suke Gammo wurin sallar Juma'a. Ya dubi amininsa, ya ga tsoron da ke idonsa ba na wanda ya yi sata ba ne, na wanda ya riƙe magana ne a baki tana ƙona shi. Bai matsa masa ba. Ya ciro goro ya raba biyu, ya ajiye masa babban ɓarin a kan gwiwa, ya fita.

*

Sawun amalanken bai wahalar da shi ba. Bijimin hagu yana jan kofatonsa na baya kaɗan, kuma a ƙasar nan bijimi ɗaya ne mai wannan tafiya. Duk da haka bai yi gajeriyar hanya ba, ya bi sawun tiryan-tiryan ta cikin gonaki har ƙofar gidan Mahbub, mai kai wa kamfani ruwa a duro. Samari biyar 'yan sintiri suka biyo shi a baya da gorori, suna ta zumuɗi.

Mahbub na ganin su ya miƙe, fuskarsa ta canza.

“Baba Hammadu, ai na san za a zo. Wallahi durona kawai na je ɗauka. Babu kowa a wurin, na ɗora abina na dawo.”

“A bincike gidan!” in ji ɗaya daga cikin samarin. “Ga tarin kara can, me ke ƙarƙashinsa?”

“Kara ne ke ƙarƙashinsa,” in ji Malam Hammadu. “Ku zo ku ga.”

Ya koma da su baya inda hanya ta ratsa wani yashi mai laushi, ya nuna da sanda.

“Ga tafiyarsa, ga dawowarsa. Ku sa yatsa ku ji zurfin. Ɗaya ne. Rodin da aka ɗauka ya fi bijiman nan biyu nauyi. Da yana kan amalanken nan, da tayar ta nutse har gindi, da kun ga inda bijiman suka kafa kofato suna ja. Wannan amalanke iska ta ɗauko.”

Samarin suka sauke gororinsu, kamar an hana su abincin da aka riga aka zuba. Mahbub ya sauke ajiyar zuciya, ya shiga gida ya fito da fura a ƙwarya. Malam Hammadu ya sha, ya goge gemu, sannan ya tambaye shi ƙarfe nawa ya je wurin.

“Bayan la'asar.”

“Ka ce babu kowa. Har Baƙo?”

Mahbub ya sosa ƙeya. “Ni ba na son in ja wa tsoho magana. Amma na yi sallama sau uku, na leƙa rumfarsa. Ba ya nan.”

Samarin suka dubi juna. Kafin magariba duk gari ya ji cewa Baƙo ya yi ƙarya, kuma bin sawun amininsa ne ya tona shi. Malam Hammadu ya dawo gida. Matarsa Furera ta ajiye masa tuwo, ya taɓa loma biyu ya ture.

*

Ranar Lahadi da sassafe ya yi sallama a gidan Baƙo. Uwaliya, matar Baƙo, tana zaune a ƙofar ɗaki, an liƙe mata ido ɗaya da auduga da filasta.

“Subhanallahi. Me ya samu idon?”

“Yanar ido ce, Malam. Ta daɗe tana rufe min gani. Shekaranjiya aka yi min aiki a asibitin Gwarzo. Likitocin ido ne suka zo daga Kano, kwana ɗaya tak suka yi.”

“Wa ya kai ki?”

“Ya ce kada in faɗa wa kowa.”

“Uwaliya, gobe za a kai shi Kabo.”

Sai hawaye ya zubo daga idon da yake buɗe. Ta ce tun hantsi Baƙo ya ɗauke ta a babur ɗin haya. Ya zauna a bakin ɗakin aikin yana jan carbi har aka fito da ita, ya riƙe hannunta kamar ƙaramar yarinya har gida. Sai dab da magariba ya koma bakin gadinsa.

“Amma ba guduwa ya yi ba, Malam. Da izini ya tafi. Ya ce wani babba a wurin ya tausaya masa, ya ce ya je, shi zai kula da kayan, amma ya rantse ba zai faɗa ba, don in kamfani ya ji, su biyun za a kora. Ni har addu'a na yi ta yi wa mutumin a kan gadon asibiti.”

“Ya faɗi sunansa?”

“Baƙo? Wanda ya rantse? Ai ka fi ni saninsa.”

Ya fi ta saninsa kuwa. Manya a wurin aikin nan ba su wuce uku ba: Injiniya Abdulmumini, da Foman Hambali, da Sagiru direban katafila. Amma zato ba hujja ba ne. Kuma abin da ya fi damunsa shi ne, ya zagaye filin gaba ɗaya ta waje, gabas da yamma, kudu da arewa, bai ga inda kaya mai nauyi ya fita ba. Ko mota, ko amalanke, ko mutane masu ɗauka a ka, dole ƙasa ta nuna. Ƙasa kuwa ba ta nuna komai ba.

*

Da la'asar ya dawo gida a gajiye, ya tarar da Kamila a gindin darbejiya, ta ɗora kwamfutarta a kan turmin da aka kifa, tana ta tsaki.

“Uwata, ke da wa?”

“Ni da lissafi, Baba. Duk Alhamis da yamma da Asabar da safe nake tayar da jirgi in auna yashi da tsakuwa, don a san abin da aka ci da abin da ya rage. Wancan tulin yashin na kusa da rumfa, ranar Alhamis ga girmansa. Ranar Asabar kuma ya ƙaru. Tifa ba ta zo ba, ba a yi aiki ba. Sau uku ina sake aunawa.”

“Yashi ba ya haihuwa.”

“Shi ne nake cewa ko injin ne ya samu matsala.”

Malam Hammadu ya riga ya juya zai shiga ɗaki, sai ya tsaya.

“Ranar Asabar ƙarfe nawa zirnaƙon naki ya tashi?”

“Bakwai. Kafin leburori su iso.”

“Kafin a yaye tamfol? Kafin taron nan su tattake min ƙasa?”

Kamila ta ɗago kai a hankali. Suka dubi juna.

Ya jingine sanda, ya tattara riga, ya tsuguna a gaban kwamfutar irin tsugunon da yake yi a kan sawu. Ta buɗe hoton. Da farko bai gane komai ba, ya ce wannan ai kamar an shanya zane ne. Ta nuna masa rafi, ta nuna gada, da rumfar Baƙo, da tamfol. Sai ta riƙa jawo hoton kusa, ƙasa na tasowa tana buɗewa, har ya ga tabarmar Baƙo da butarsa a gefe. Dattijon ya yi salati a hankali.

Yayyafin Juma'a ya wanke filin fes kamar allo. Duk abin da ke rubuce a kai, bayan ruwan aka rubuta shi. Ga layi biyu na amalanken Mahbub, sun shiga sun fita. Ga 'yar siririyar hanyar da Baƙo ya yi tsakanin rumfa da bakin rafi. Sannan ga wasu manyan layuka masu zane kamar ƙashin kifi.

“Matso da nan. A'a, hagu. Tsaya.” Ya kai yatsa zai taɓa.

“Baba, kar ka danna, zai gudu.”

“To riƙe min shi.” Ya bi layukan da tsinke daga nesa, leɓensa na motsi. “Katafila ce. Daga inda take kwana zuwa tamfol. Daga tamfol zuwa yashi. Ta koma. Ta sake dawowa. Sau huɗu. Ga nan ta kwashi yashi ta gefe ta juye a sama, shi ya sa wannan ɓangaren ya fi duhu, na ciki ne ya fito waje.” Ya ɗago. “Uwata, injinki lafiyarsa ƙalau. Rodin nan bai taɓa barin filin ba.”

Furera da ke tankaɗe a ƙofar madafa ta ce, “Ai kuwa na ji kukan katafila ranar Juma'a, kuna masallaci. Ni da Ikilima maƙwabciya har muka ce yau kuma aiki suke.”

“Kika ji, ba ki faɗa ba?”

“Wa ya tambaye ni? Kun tattara kun tafi bin bijimai.”

Kamila ta fashe da dariya, sannan dariyar ta tsaya. “Ke nan Sagiru ne? Baba, Sagiru yaron kirki ne.”

“Nuna min na Alhamis.”

Ta nuna. Ya daɗe yana kallo, ya sa ta koma na Asabar, ta sake komawa na Alhamis, har sau biyar. Daga nan ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

“Furera, tuwon jiya da saura? A ɗumama min.”

*

Litinin da safe dagaci ya tara su a filin aikin, kamar yadda Malam Hammadu ya roƙa. Ga Injiniya Abdulmumini yana ta duba agogo. Ga Foman Hambali, ga Sagiru, ga Mahbub. Aka kawo Baƙo tsakanin 'yan sintiri biyu. Mutanen gari kuwa wannan karon an ja musu igiya, suka tsaya a bayanta. Kamila ta ɗora kwamfuta a kan duro, ta yi mata inuwa da lema.

Malam Hammadu ya fara da Mahbub, ya wanke shi a gaban jama'a. Sannan ya ce Baƙo ya yi ƙarya, gaskiya ne, kuma zai faɗi dalili nan gaba. Daga nan ya kira dagaci da Injiniya su matso su ga hoto. Ya nuna musu sawun katafila. Nan take ido ya koma kan Sagiru.

“Wallahi tallahi ina Kano!” in ji Sagiru. “Ɗaurin auren yayana. Tun Alhamis da yamma na tafi.”

“Kowa ma zai iya cewa yana Kano,” in ji Hambali cikin taushin murya. “Sagiru, in kai ne, ka faɗa, a rufa maka asiri.”

“Kwantar da hankalinka, ɗana,” in ji Malam Hammadu. “Injiniya, dubi na Alhamis. Wannan aikin Sagiru ne. Ka ga yadda yake juya ta? Zagaye ɗaya, sumul, kamar an zana da kwano. Duk filin nan babu inda ya ja da baya sau biyu. To dubi na Asabar. Nan an yi gaba, an yi baya, an sake gaba, kafin a samu a juya. Nan tayar ta hau kan bulo ta fasa biyu. Sannan Sagiru kullum gabas yake fuskantar da ita in zai tafi. Ranar Asabar kudu take kallo, a karkace. Wanda ya hau ta ranar Juma'a ya san yadda ake tayar da ita, amma ba direba ba ne. Kamar wanda ya ari jakin maƙwabci ne.”

Injiniya ya daina duba agogo. “Sagiru, ina kake ajiye makulli?”

“Wurin Foman nake bari, ranka ya daɗe. Kullum.”

“A ofis nake rataye shi,” in ji Hambali. “Kowa na shiga ofis.” Ya yi murmushi, amma gumi ya tsatso masa a goshi. “Kuma wai ina rodin? Hoto dai ba rodi ba ne.”

“Wannan gaskiya ne,” in ji Malam Hammadu. “Sagiru, hau abarka. Wancan tulin da aka ce taɓo ya ɓata, taɓa min shi ta gefen kudu. A hankali.”

Katafila ta yi gurnani, ta juya zagaye ɗaya sumul, ta kafa bakinta a yashi. Ɗiba ta farko, yashi. Ta biyu, yashi. A ta uku aka ji ƙarfe ya goga ƙarfe, yashi ya zube, kawunan rodi suka leƙo dami a kan dami. Wata mata a bayan igiya ta rangaɗa guɗa, wuri ya ɗauka da kabbara.

Injiniya ya duƙa ya damƙi yashin ya murza a tafin hannu. “Wannan yashin babu taɓo ko kaɗan. Wa ya ce kada a taɓa shi?”

Leburori duk suka juya suka dubi Hambali.

Malam Hammadu ya je gaban Baƙo ya dafa kafaɗarsa. “Mutumina, na je wurin Uwaliya. Na san inda ka je, kuma babu wanda zai ga laifinka a nan. Ka rantse za ka rufa wa mai taimakonka asiri. Wanda ya tura ka Gwarzo don ya samu fili, ya kuma ce a kai ka Kabo, ba taimakonka ya yi ba. Ba sai ka faɗi suna ba. Ka dai dube shi.”

Baƙo ya ɗago kai a karon farko cikin kwana biyu. Bai yi fushi ba, bai ɗaga murya ba. Ya dubi Hambali ya ce, “Foman, matata da ido a ɗaure take yi maka addu'a. Ni yanzu me zan je in ce mata?”

Hambali ya zauna a kan bulo ya cire hularsa. Da ƙyar aka ji abin da yake cewa: gini yake yi a Kabo, ya kai rufi. Ya yi nufin in kamfani ya kwashe kaya ya tafi, ya turo tifa a ce yashin banza za a zubar. Ya ɗauka tunda Baƙo tsoho ne, kwana biyu za a riƙe shi a sake shi.

“Garin fa?” in ji dagaci. “Mu kuma wata shida za a riƙe mu a bayan ruwa.”

Motar da aka tanada don Baƙo, ita ta tafi da Hambali. Injiniya ya cire hular kwanonsa ya ba Baƙo haƙuri a gaban kowa, ya ce daga yau in zai kai iyali asibiti, shi zai faɗa wa kai tsaye, kuma da motar kamfani za a je. Sannan ya juya wurin Kamila ya ce a riƙa tayar da jirgin nan kullum safiya, ba sau biyu a mako ba.

“In an samu mai karanta shi,” in ji Kamila, tana satar kallon mahaifinta.

“Ni ina da gona,” in ji Malam Hammadu. “Amma bayan la'asar ba na komai.”

*

Ranar Laraba aka zuba kankare, tun safe har rana ta karkata, ga hadari na haɗuwa a gabas yana watsewa. Aka shafe saman gada sumul, aka gitta katakai a bakinta biyu, aka yi shela a gari cewa ko kaza kada ta hau sai ya bushe.

Washegari da safe Kamila ta zo ta tsaya a bakin gadar, ta dafe kai. Daga wannan ƙarshen har wancan, a tsakiyar sabon kankare, ga sawun akuya nan ɗaya bayan ɗaya, ya bushe ram. Injiniya ya duba ya ce bai taɓa ƙarfin gada ba, sai dai zai zauna a nan har abada. 'Yan sintiri suka ce sai an ci mai akuyar tara, suka ruga suka ɗauko Malam Hammadu daga gona.

Ya zo, Baƙo na biye da shi. Ya tsuguna a kan sawun. Ya dubi kofaton dama na gaba, mai ɗan tsagu a gefe. Ya daɗe yana kallo, fiye da yadda ya saba. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe riga.

“Ban gane ta ba,” ya ce. “Baƙuwa ce. Wataƙila daga Madadi.”

Samarin suka watse suna mamaki. Baƙo ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Kamila ta matso kusa da mahaifinta, ta rage murya.

“Baba. Jar akuyar Innarmu ce, ko?”

Malam Hammadu ya saɓa sandarsa a kafaɗa, ya dubi sama inda hadari ke sake haɗuwa.

“Uwata, in kina son ki ci tuwo a gidan nan yau, ki bar zirnaƙon nan a cikin jaka.”